Ƙwarin da Na Kashe a Garkar Inna

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ruwa bai sauka a garinmu ba. Hadari kan taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin har mu kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da kallon sama. A cikin wannan ɗaukewar ruwan ne jikata Maryam, wadda ke koyarwa a firamare a Zakirai, ta zo mana hutu. Jiya da safe ta shiga garkar da ke bayan ɗakina tsinko yakuwa, sai na ji ta ƙwalla ƙara kamar wadda ta taka maciji.

"Iya! Iya, zo ki ga wani abu a jikin wakenki! Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba!"

"Ke dai raguwa ce," na ce. "Malama guda, ƙwaro ya sa ki ihu?"

Na ja ƙafa na je ina mita. Ta ɗaga min ganyen da tsinke daga nesa, ɗaya hannun riƙe da waya tana son ɗaukar hoto. Na sunkuya na ƙura ido, don idon ya fara yi min hazo-hazo. Da na gane shi sai da na dafa danga. Babu ƙwaron da na sani a duniya kamar wannan, kuma har yau in na gan shi sai gabana ya faɗi.

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Ina goyon 'yar farina, uwar Maryam ɗin nan, tana wata takwas. Daminar da ta gabaci wannan ba ta yi ba, ɗan geron da ya kai ga fitar da kai kuma wata tsutsa da ba mu taɓa gani ba ta shiga ta cinye shi tun yana tsaye. Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, amma in ka ɗaga dami sai ka ji shi sakayau. Kafin ruwan shuka ya sauka rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye, su ma daga baya suka yi ƙaura. Maigidana ya yi shuka, ya yi noman farko, sannan ya rataya buhu ya nufi birni neman aikin ƙarfi. Ya bar mu mu uku: ni, da jaririya, da Inna mahaifiyarsa, wadda yanar ido ta rufe wa gani, ba ta rabe komai sai haske da duhu.

Wanda bai san wajenmu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Mu ba mu da daji. Gida na jikin gona, gona na jikin gona, iyaka kawai layin gamba ne ko ɗan aduwa. In ka watsa ruwa ta kan dangarmu, a gonar maƙwabcinmu Malam Sule zai sauka. Saboda haka bayan ɓarnar tsutsar nan magidanta suka zauna a ƙofar mai unguwa suka yanke magana: duk wanda ya ga baƙon ƙwaro a shukarsa ya faɗa, a tuge wurin a ƙone kafin ya yaɗu. Ba wasa suke ba. A ƙarshen waccan daminar sun ƙone wa wata bazawara barkononta kakaf, tana tsaye tana kuka. Ban ga laifinsu ba a lokacin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai shafa wa naka ruwa kake yi.

Garkar ta Inna ce, tun tana amarya ta kafa ta. Taku goma ce a tsawo, ba ta kai haka a faɗi ba, amma babu tafin hannu guda da ke zaune banza. Kubewa a tsakiya, wake a gindin danga yana hawa, yakuwa da rama a gefe, kabewa ta bi ta kan rufin ɗakin girki. A shekarun wadata kayan miya ce kawai. A wannan shekarar ita ce rumbunmu.

Da an yi sallar asuba nake fita rijiya, in ja guga har tafin hannuna ya yi ja, in cika tulu shida. Ba a watsa ruwan, da ƙoƙo ake zuba wa kowane gindi nasa. Ruwan wanke-wanke, ruwan alwala, ruwan wankan jaririya, duk can suke tafiya. Sai Inna ta lallaɓo da sandarta ta bi kubewar ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ta san kowace, ta san wadda za ta isa tsinka gobe da wadda sai jibi. In na tsinki ƙarama don zalama, da ta taɓa kwanon za ta ce, "'Yar nan, kin ci abincin jibi yau." Rabin kubewar mukan ba Tabawa matar Malam Sule ta kan danga, ta miƙo mana dusa ko ɗan tsaki. Da hantsi mu sha kunun da kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Da yamma in dafa ganyen wake da rama, in barbaɗa tsaki tafi ɗaya, mu ci da sunan fate.

Yunwa ba ciwon ciki ba ce kamar yadda yaran yanzu ke zato. Wannan na kwana biyun farko ne. Daga baya sanyi ne a gwiwa, da wani duhu da ke gilmawa a ido in ka miƙe da sauri, da jin ƙanshin tuwon da ba a dafa ba. Abin da ya fi ci min rai nono ne. Yarinyar ta kama, ta ja, ta ja, ta saki ta dube ni, sannan ta fashe da kuka.

Ana cikin haka, gero ya kai ƙugu, ruwa ya ɗauke. Rana ta buɗe kamar bazara ta dawo. Ƙasa ta yi fari ta tsage, kaji suka koma ƙarƙashin rumbu da baki a buɗe. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. A sati na biyu darɓa ta sauka a kan wake, waɗannan ƙananan ƙwarin masu kama da ƙwarƙwata da ke taruwa a ƙarƙashin ganye su sa shi danƙo. Wannan ba ta tayar min da hankali ba, mun san ta, toka ake barbaɗa mata da sassafe.

Wata safiya ina barbaɗa tokar, na juya wani ganye sai na gan shi. Tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa biyu ba. Baƙi ne mai toka-toka, bayansa duk ƙananan ƙayoyi, da ɗigo-ɗigo ruwan goro a gefe. Ƙafa shida a gaba, jiki ya zarce baya ya tsuke kamar na ɗan ƙadangare. Ba ya rarrafe irin na tsutsa, gudu yake yi, yana juya kai hagu da dama kamar mai neman wani. Tsigar jikina ta tashi. Na juya ganye na biyu, guda uku. Na juya na uku, ban tsaya ƙirgawa ba.

Na tsuguna a wurin. Na girma a gona, na san fara, na san gizaka, na san hangara mai sa ƙuna a fata. Wannan ban san shi ba, ban taɓa jin an kwatanta shi ba. Tsoro biyu suka haɗu a kaina, kuma ban san wanda ya fi girma ba: ƙwaron ya cinye garkar, ko mutane su ji su ƙone ta.

Ban faɗa wa kowa ba, har Inna. Na ce a raina, ai ƙwaro ne, kuma hannu gare ni.

Na samo gwangwanin madara na zuba ruwan toka. Kullum gari na wayewa, kafin mata su fara leƙen juna ta danga, nakan bi ganye ɗaya bayan ɗaya ina kaɗe su ciki. Wanda ya nemi gudu in murƙushe shi da yatsa. Wani ruwa rawaya yake fitarwa mai ɗaci-ɗacin wari, ya manne a farce. Na ɗauka dafi ne. Sai in dirje hannuna da toka da ƙasa har ya yi zafi kafin in ɗauki yarinyar, kuma duk da haka in tana shan nono ina kallon leɓenta ko zai canja launi. Ran da na ga guda ɗaya yana gudu a kan zanin goyonta, saura kaɗan in jefar da zanin a murhu.

Kwana tara ina wannan aikin. Kuma kullum waken ƙara lalacewa yake yi. Ganyen ya nannaɗe, ya yi baƙi, ya yi danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Abin ya tsallaka kan kubewa, furen ya fara zubewa tun bai buɗe ba. Ni kuwa da na ga haka sai in ƙara ƙaimi, ina cewa la'anannun nan sun fi ni sauri.

Inna ta fara tambaya. "Kubewar nan me ya same ta? Hannuna na mannewa."

"Darɓa ce, Inna. Ina sa toka."

"Darɓa kaɗai?"

"Ita kaɗai," na ce.

A rana ta goma Tabawa ta leƙo ta kan danga da sassafe neman garwashi, ta same ni tsugune da gwangwani. Ban yi saurin rufewa ba. Ta dubi abin da ke yawo a saman ruwan tokar, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Hauwa, mene ne wannan?"

"Don girman Allah, Tabawa, ki rufa min asiri. Na kusa gamawa da su. Yau ma da ƙyar na samu goma."

"Tun yaushe?"

Na faɗa mata. Hawaye ya zubo mata, ba na mugunta ba, na tsoro.

"Geronmu fa ga shi nan jikin dangarku. 'Ya'ya shida gare ni, Hauwa. In na yi shiru abin nan ya shiga, me zan ce wa Malam? Me zan ce wa Allah?"

Ta tafi ba ta ɗauki garwashin ba. Na bi garkar a haukace, ganye bayan ganye, har rana ta take, ina nufin in sun zo kada su sami ko ɗaya. Sannan na shiga na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce in kifa mata turmi a bakin garka.

Bayan la'asar suka yi sallama, mai unguwa da Malam Sule da wasu magidanta uku, da fartanya da damin busasshen kara. Na ja mayafi na raɓe jikin ɗakin girki da goyo a baya. Inna na zaune a kan turmin, sanda a gicciye bisa cinya, ta tare hanya.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji mai unguwa. "Kin san maganar da aka yi. Ba don ƙi ba ne."

"Na sani, Mamman. Ni na yi wa uwarka wankan jegonka, ba zan hana ka aikinka ba. Amma kafin ka sa wa abincin jikata wuta, a miƙo min ganyen da ya fi lalacewa."

Aka tsinko aka sa mata a hannu. Ta shafa shi ciki da baya, ta bi gefensa da yatsa a hankali, ta shinshina.

"A ƙaro wani."

Aka ƙaro har biyar. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ku masu ido, ku duba min. Akwai ɓula a ganyen nan? Ko wurin da aka gatsa?"

Malam Sule ya ɗaga ganyen sama ya duba. "Babu, Inna. Ya dai nannaɗe."

"To. Fara in ta ci, tana barin shaida. Tsutsa ma haka. Kun ce ƙwaron nan ya kai shinkafa biyu, kuma sun yi ɗaruruwa. Kwana goma suna nan, ba su huda ganye ko ɗaya ba? To me suke ci? Iska? Wannan danƙon aikin darɓa ne, tun ba a haife ku ba na san shi. A kawo min ƙwaron da ransa, a sa masa abinci a gaba, mu ga abin da zai ɗauka. In ganye ya ci, ni zan ƙyasta ashanar."

Mai unguwa ya juyo wajena. "A kawo ɗaya."

Nan ne ƙasa ta juya da ni. Na shiga garkar ina juya ganye da hannu biyu. Babu. Na bi wake, na bi kubewa, na ɗaga ganyen kabewa, na tona gindin yakuwa. Babu ko ɗaya. Ni da hannuna na share su da safe. Kwana goma ina roƙon Allah Ya raba ni da ƙwaron nan, yanzu ga ni a durƙushe ina roƙon Ya nuna min guda ɗaya tak. Yarinyar ta farka ta fara kuka a bayana. Rana ta yi ja, ɗaya daga cikin mutanen ya fara kwance igiyar karan.

"Magariba na ƙaratowa, Inna," in ji mai unguwa a hankali. "Ba za mu kwana da shi ba."

Malam Sule ya zagaya gonarsa don ya janye karan geronsa daga jikin danga kada wuta ta lashe su. Sai muka ji ya daka tsawa.

"Ga shi! Wallahi ga shi har ya tsallako kan wakena!"

Na hango shi ta tsakanin danga ya cire takalmi ya ɗaga.

"Sule!" Ban taɓa jin muryar Inna haka ba. "In ka kashe shi ban yafe ba!"

Ya kawo shi a kan ganye, yana riƙe da shi nesa da jikinsa. Na ɗauko farin murfin kwanon samira na kifa a ƙasa. Aka sa lafiyayyen ganye a gefe ɗaya, mai darɓa a ɗaya gefen, aka kaɗa ƙwaron a tsakiya. Dattawa biyar suka tsuguna suka kewaye murfin kwano. Ni na manta da kunya, na matso har ina jin warin zufarsu.

Ya nufi lafiyayyen ganyen. Na rufe ido, na ce shi ke nan.

"Me yake yi?" in ji Inna.

"Ya hau mai kyan," in ji mai unguwa. "Yana zagayawa… Ya sauka. Bai taɓa ba. Ga shi ya nufi ɗayan." Sai muryarsa ta sauya. "Ya kama darɓa. Inna, ya ɗaga ta sama yana tsotsa! Ya yar da fatar. Ya kama ta biyu."

"Ci gaba da faɗa min."

"Uku… huɗu…"

Sai da ya kai tara sannan ya daina. Wanda ya kwance karan ya sunkuya ya fara ɗaure abinsa.

"'Yar nan," in ji Inna, ba ta juyo ba. "Nawa kika kashe?"

"Ban sani ba, Inna. Gwangwanin ya cika sau uku."

Ta daɗe tana murza sandarta. "Tsoro ne," ta ce. "Allah Ya yafe mana."

Suka yi sallama suka fita. Malam Sule, wanda ɗazu ya ɗaga wa ƙwaron takalmi, ya sa tafin hannu biyu ya tallabe ganyen da yake kai kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya ce ai a gonarsa aka same shi. Ya mayar da shi kan wakensa.

Ba a ƙone garkar ba, amma wutar da ni na sa mata ta riga ta ci. Darɓa ta sami fili babu mai tsare ta. Cikin kwana goma waken ya bushe a jikin danga, kubewa ta tsaya sanduna. Da ruwa ya dawo ya dawo da ƙarfi, ya wanke komai, sai dai babu abin da ya rage sai rama da yakuwa. Babu kubewa, babu musayar dusa. Waken Malam Sule kuwa ya yi kore shar. Wata rana Tabawa ta kira ni bakin danga ta nuna min: ƙwarin sun manne a ganye sun dunƙule, bayansu ya tsage, sai ga ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi yana fitowa, wanda muna yara muke ɗorawa a hannu yana yawo muna dariya. Ashe 'ya'yansa ne. Na san uban tun ina tsirara, ban san ɗan ba. Tabawa ta riƙa miƙo mana ganyen wake a ɓoye, Allah Ya ji ƙanta, amma baki takwas take ciyarwa.

A kwano ɗaya muke ci da Inna. Sai na lura tana kai hannu tana dawowa da shi kusan wayam, tana motsa baki, tana turo abincin gefena da yatsa a hankali. Makauniya ce, ta ɗauka ba a ganinta. Na ce, "Inna, ki ci mana." Ta ce, "Ina ci. Ke ce mai baki biyu." Na yi kuka, na yi rantsuwa, na raba kwano. Sai ta ce ramar na ɗaure mata ciki. Ni kuwa, Allah Ya gani, yarinya na kuka, nono babu, na ci.

Zazzaɓin marka ya kama ta, bai sami abin kamawa a jikinta ba. Ta rasu saura kwana huɗu a gasa tumun farko a unguwarmu. Maigidana ya iso ranar sadakar uku da hatsi a buhu. Na san kwana ne ya ƙare, malamai sun faɗa min, ni ma na faɗa wa kaina. Amma har yau in na tsinki kubewa sai na tuna gwangwanin nan.

Muryar jikata ce ta dawo da ni daga tunani. "Iya, sabis ɗin ne ba kyau, wayar sai juyawa take ba ta kawo sunan ƙwaron ba," in ji Maryam. "Bari in karɓo abin feshi wajen Kawu mu gama da su kawai."

"Ba inda za ki. Ɗauko min murfin kwano."

"Murfin kwano kuma? Iya, tsufa ya fara ne?"

"Uwarki ce ta tsufa. Ɗauko, ki tsinko ganye biyu, mai kyau da mai danƙo."

Ta kawo tana dariya. Na sa yatsa ƙwaron ya hau, na sauke shi a tsakiya. Maryam ta tattare zani ta tsuguna, ta ajiye wayar a ƙasa. Ni ko na ƙura ido ba na ganin darɓa yanzu, ta yi min ƙanƙanta. Na zauna a bakin garkar, daidai inda na taɓa kifa turmi.

"Iya! Ya kama wani ɗan abu yana ci! Kai, ya kama na biyu!"

Na rufe idona.

"Ci gaba da faɗa min," na ce.